Darasi: Madatsar Ruwa ta Tiga da Ruwan Shan Birnin Kano

Duk wanda ya zauna a ƙasar Kano shekara guda cur, ya kuma lura da yadda Allah Maɗaukakin Sarki ya raba mata lokutanta, ba ya bukatar malamin da zai gaya masa cewa ruwan sama a wannan yanki na wata huɗu ne ko biyar, wanda yakan fara sauka wajen watan Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta har koguna su cika su tumbatsa, sa'an nan kafin Oktoba ta ƙare ya ɗauke, ya bar mutane da dabbobi suna lissafin yadda za su kai ga wata damina. Abin da ke sauka a cikin waɗannan watanni ba kaɗan ba ne, da zai tsaya inda ya sauka; amma ɗabi'ar ruwa ce ya nemi gangare, saboda haka mafi yawansa yakan bi rafuka ya faɗa koguna, ya wuce gabas cikin 'yan makonni, ya bar kogin da jiya ake haye shi da kwalekwale ya koma filin yashi, wanda yara ke wasa a cikinsa, mata kuma suna tona shi da ƙoƙo don su sami abin da za su ɗora girki.

Hikimar madatsar ruwa, wadda jama'a suka fi sani da dam, ba ta wuce wannan ba: a tare ruwan damina a ajiye shi, a riƙa sakinsa da ma'auni har damina ta zagayo. Rumbun ruwa ce, kuma hukuncinta hukuncin rumbu ne, ba ta ƙara ko ƙwaya a kan abin da aka zuba mata, sai dai ta tsare shi idan an tsare ta. A wannan darasi za mu ɗauki madatsa guda, wato ta Tiga, mu bi ruwanta tun daga inda ya taru har zuwa bakin famfo, domin mai karatu ya gane inda ruwan yake, da kuma dalilin da ya sa sau da yawa ba ya isowa.

Kafin zuwan famfo

Mutanen Kano na dā rijiyoyi suka dogara da su, da rafin Jakara, da kududdufan nan da suka samu asali daga ramukan da aka haƙa ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina su yi ta riƙe ruwa har tsakiyar rani. A cikinsu ake wanki, a shayar da dabbobi, wani lokacin ma a sha, alhali kuwa dukan ƙazantar unguwa can take gangarawa. Ba abin mamaki ba ne idan kurkunu da tsargiya da ciwon ciki suka zama abokan zaman jama'a a wancan zamani, har ya kasance manomi yakan kwanta da kurkunu a daidai lokacin da gonarsa ta fi bukatarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya bunƙasa, baƙi suka yi ta kwararowa, sai rijiyoyi suka kasa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, aka kafa gidan ruwa na farko a bakin Kogin Challawa, aka ja bututu zuwa birni, aka kuma yi ma'ajiyar ruwa a kan Goron Dutse, domin ruwan ya riƙa gangarowa cikin unguwanni da nauyin kansa. Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai, sai dai yana da iyaka wadda ba yadda za a yi da ita, domin kogin da aka dogara da shi shi ma da rani yashi ne, sai abin da ya ɓuya a ƙarƙashin yashin.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar da yanzu ake kira Jigawa, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya sa gina madatsun ruwa a gaban kome. An fara da ƙarama a Bagauda, sa'an nan a 1971 aka kama aikin Tiga a kan Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni, aka gama a 1974. Allah da ikonsa, shekarun aikin sun dace da babban farin nan na 1972 da 1973, wanda ya halaka dabbobi bila adadin a ƙasashen Sahel, ya kuma koro mutane daga arewa suna neman abin sawa a baka; don haka waɗanda suka ga ana tara ƙasa a Tiga a wancan lokaci ba su bukaci dogon bayani game da fa'idar abin da ake yi ba.

Yadda ginin yake

Mutane da yawa sukan zaci madatsa katangar siminti ce. Ta Tiga tudun ƙasa ne, wanda aka jibga aka daddanne da manyan injuna, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har tsawonsa ya kai wajen kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48 a inda ya fi tsayi. A tsakiyar irin wannan tudu yumɓu ake sawa, saboda yumɓun da aka danne da kyau ba ya barin ruwa ya ratsa shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. A fuskar da ke duban tafki kuwa sai a jera manyan duwatsu, don kada igiyar ruwa ta riƙa zaizayar ƙasar. A ƙasan tudun akwai ƙofofin da ake buɗewa a saki ruwa gwargwadon bukata. Akwai kuma mazuba, wato wani wuri mai faɗi da aka yi shi ƙasa da kan tudun da gangan, domin idan tafki ya cika fiye da kima, rarar ruwan ta bi ta nan ta fita salin-alin. Gama abin da injiniyoyi suka fi tsoro a madatsar ƙasa shi ne ruwa ya haura ta kanta, domin da zarar ya haura, sai ya fara yankar bayanta, kuma abin da aka yi shekaru ana ginawa yana iya tafiya a dare ɗaya.

Kogin da aka tare yana tasowa ne daga tsaunukan da ke kudancin jihar, a gindin tuddan Jos, inda ruwan sama ya fi na birni yawa, ya ratso dajin Falgore, sa'an nan ya shigo tafkin. Idan tafkin ya cika, faɗinsa yakan kai murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi tun farko don ya riƙe kusan kubik mita biliyan biyu. Kada wannan ma'auni ya rikitar da mai karatu: a ƙaddara akwati ne mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi, abin da zai cika shi, shi ne kubik mita, wato lita 1,000, ko duro biyar, ko jarka 40 irin mai cin lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Ya kamata kuma a tuna, a ƙarƙashin wannan ruwa akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu na mutanen da aka tayar aka sake musu matsuguni, waɗanda ba kasafai mai buɗe famfo a Fagge ko Gwale yake tunawa da su ba.

Daga tafki zuwa famfo

Ruwan da aka saki daga Tiga hanya biyu yake bi. Kashi mafi girma yana bin babbar magudanar da aka gina zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatur da albasa. Wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatur a Kwanar Gafan da sanyin hunturu ya ga ruwan Tiga ne a wata sura. Ɗaya kashin kuwa ana sakinsa cikin tsohuwar hanyar kogin, ya gangara har Tamburawa, a kan hanyar Zariya, kusa da inda Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa, kuma a nan ne manyan injuna suke zuƙo shi zuwa matatar ruwa.

Ruwan kogi, musamman da damina, ja ne, saboda laka mai laushi ƙwarai da ke yawo a cikinsa, wadda ko an ajiye shi kwana da kwanaki ba ta kwantawa duka. Abin da ake fara zuba masa shi ne alimun, kuma kowa yana iya gwada wannan a gida: a ɗebo ruwan rafi a kwalba mai haske, a jefa ɗan gutsuren alimun, a juya a hankali, a ajiye. Ba a jimawa sai a ga lakar ta fara haɗuwa ƙulli-ƙulli, tana yin nauyi, tana sauka gindin kwalbar, ruwan da ke sama yana yin garau. Haka ake yi a matata, sai dai a cikin manyan kwatamai na siminti. Daga nan sai ruwan ya bi ta cikin shimfiɗar rairayi da tsakuwa, ya tace. Sa'an nan a sa masa kulorin, wanda shi ne ke kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, irin masu kawo taifot da amai da gudawa. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi la'akari, domin mutane da yawa suna ruɗuwa a wannan wuri. Malaman fiƙihu sun koya mana tun muna karatun Ahalari da Iziyya cewa ana duba ruwan tsarki ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma wannan hukunci yana nan daram a babin alwala da wanka. Amma babin sha daban ne, domin ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗaci, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Alimun yana kawar da laka ne kawai. Wanda ya tace ruwan rafi da shi, to, sauran aiki yana gabansa, ko dai ya tafasa, ko ya sa maganin ruwa.

Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a kowace rana. Bari mu yi ɗan lissafi da wannan adadi, domin lissafin zai nuna mana abin da ba a cika faɗa ba. Lita miliyan 150 ita ce kubik mita 150,000. Idan aka ninka da kwanakin shekara, sai a sami kusan kubik mita miliyan 55. To, a yankinmu zafin rana da busasshiyar iskar hunturu sukan shanye kusan mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara. Idan aka ninka wannan da faɗin tafkin Tiga a cike, abin ya haura kubik mita miliyan 300, kuma ko da an rage masa wani abu saboda tafkin yana janyewa da rani, har yanzu abin da rana da iska suke ɗauka ya ninka abin da matatar za ta iya ɗiba sau da yawa. Ma'anar wannan ita ce, abin da birni yake sha daga Tiga ɗan kaɗan ne a kan abin da ke cikinta, kuma idan famfo ya ƙafe a wata unguwa ta Kano, galibi ba a tafki ruwan ya ƙare ba.

Ina ne ke nan yake tsayawa? Da fari dai akwai wutar lantarki, domin ruwa ba ya hawa tudu da kansa, kuma daga bakin kogi har zuwa tankunan birni injuna ne suke tura shi. Idan wuta ta ɗauke, sai a koma kan janareto da man dizal, idan kuɗin mai ya yanke, sai injin ya yi shiru. Akwai kuma yawan jama'a: idan aka ba kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu don sha da girki da wanka da wanki, lita miliyan 150 za ta ishi mutum miliyan uku ne, alhali mazauna birnin da kewayensa sun wuce haka, ko da yake matatun Challawa da Watari suna taimakawa. Sa'an nan ga bututu, wanda a ganina shi ne inda talaka ya fi cutuwa, kuma shi ne inda ya fi iya yin wani abu da hannunsa. Wasu bututun sun tsufa a cikin ƙasa sun yi tsatsa, wasu masu aikin hanya sun fasa su, wasu kuma mutane ne suka huda su da dare suka ja ruwa ba da izini ba. A duba wani lungu inda siririn bututu ya bi ta cikin kwata, an ɗaure inda ya tsage da tsohuwar robar taya. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfinsa, waje yake tsartuwa, asara ce kawai; amma ranar da aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙar ruwan kwatar ta wannan tsaga, kuma idan aka sake kawo ruwa, abin da ya fara zubowa a bokitin uwargida shi ne wannan. Ruwan ya bar Tamburawa da tsabtarsa, a ƙofar gida ya ɓaci. Shi ya sa kai rahoton fashewar bututu ga hukumar ruwa, da hana jan ruwa ta ɓarauniyar hanya, da biyan kuɗin ruwa ga wanda ruwa ke zuwa masa, ba alfarma ba ce da ake yi wa gwamnati.

Haƙƙin na ƙasa a kan na sama

Bayan mahaɗar Tamburawa kogin yana wucewa ta Wudil, ya zama Kogin Haɗejiya, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, sa'an nan abin da ya saura ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Mutanen waɗannan wurare tun kaka da kakanni ambaliyar shekara-shekara ce rayuwarsu: ita ke shayar da shinkafar fadama, ita ke kawo kifi, idan ta janye kuma ta bar danshi don noman rani da ciyawa don shanun Fulani. Da aka tare Kogin Kano a Tiga, aka kuma tare Kogin Challawa da wata babbar madatsa kusa da Ƙaraye a 1992, sai ambaliyar ta ragu, ruwan da dā yake zuwa da yawa a lokaci guda ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan canji ya yi wa ciyawar nan kacala daɗi, domin ba ta son ƙasa ta bushe. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Shari'a ba ta bar wannan mas'ala ba hukunci ba. Ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci game da wasu magudanan ruwa na Madina, cewa wanda ke sama ya riƙe ruwa gwargwadon abin da zai kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa wanda ke ƙasa. Na sama yana da fifikon farawa, amma ba shi da ikon hanawa. Madatsun nan biyu, ta Tiga da ta Challawa, suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, kuma aikinta mafi wuya shi ne raba ruwa guda tsakanin mai sha a birni, da manomin Kura, da masuncin Nguru, waɗanda kowannensu yake ganin nasa haƙƙin ne ya fi ƙarfi.

Abin da ke kashe madatsa

Madatsa tana mutuwa iri biyu, a hankali ko farat ɗaya. Mutuwar hankali laka da yashi ne suke kawo ta. Duk gonar da aka nome har bakin rafi, duk dajin da aka sare aka bar ƙasarsa tsirara, ruwan sama yakan kwashe ƙasar ya kai ta tafki, kuma da yake ruwan tafki a tsaye yake, sai ta kwanta a gindinsa, shekara bayan shekara, har wurin da aka tanada don ruwa ya zama na taɓo. Daga sama tafkin yana nan yadda aka san shi, zurfinsa ne yake tafiya. Saboda haka itatuwan Falgore suna cikin masu tsaron ruwan Kano, ko da yake ba a rubuta su a cikin ma'aikatan hukumar ruwa ba. Gurɓata ma tana cikin wannan babi, kamar takin zamani da maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki, da guba da wasu masunta marasa tsoron Allah suke zubawa don kifi ya taso, da ruwan masana'antun jima da ke malala cikin Kogin Challawa.

Mutuwar farat ɗaya kuwa mutanen Kano sun gan ta a watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta tafi da rayuka da gidaje da gonaki. Bayan wannan ne, a farkon shekarun 1990, aka rage tsayin mazubar Tiga don a sassauta wa tudun nauyi, aka yarda da a riƙe ruwa ƙasa da yadda aka tsara tun farko. Mutanen Maiduguri ma sun gan ta a watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban sashe na birnin. Irin wannan masifa ba ta cika zuwa ba tare da alamu ba, kuma makwabtan madatsa, manya da ƙanana, su ne suka fi kowa damar ganinsu, tunda kullum suna wucewa ta wurin. Ba a barin itace ya girma a jikin tudun, domin idan ya mutu saiwarsa ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Haka nan gidan gara da ramin gafiya, da turbar da shanu suka fitar a gefensa, da ɗiban ƙasa ko yashi a gindinsa. Mafi muhimmanci shi ne a lura da ruwan da ke tsattsafowa a bayan tudun. Idan kaɗan ne, garau, kuma ba ya ƙaruwa, wannan ba baƙon abu ba ne a madatsar ƙasa. Amma idan aka ga ya fara yawa, ko ya fito da launin laka, to, ƙasar cikin tudun ce yake fitowa da ita, kuma wanda ya ga haka ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan madatsar a ranar, kada ya jira gobe.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ƙidaya jarka nawa gidansa yake amfani da su a rana, ya mai da su lita, ya raba da yawan mutanen gidan, sa'an nan ya lissafa abin da yake kashewa a wata idan a wurin 'yan ga-ruwa yake saye. A zama na gaba kuma kowa ya zo da bayanin inda ruwan unguwarsu ko ƙauyensu yake fitowa, ko madatsa ce, ko rijiyar burtsatse, ko rafi, da wanda alhakin kula da wurin yake wuyansa.